Kwalaben da ke Numfashi

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki zauna. Maganar da zan gaya miki ba ta ɗaga murya ba ce, don har yau in zan yi ta sai na waiga na ga ko taga a rufe take.

Ni dai ba 'yar boko ba ce. Firamare na gama, na ɗan taɓa Islamiyya, shi ke nan. Kuma ni mai son zaman gida ce. A ba ni kicin da rediyo da wanda zan yi wa surutu, an gama da ni. Abin da Allah Ya hore mini kunne ne. Ina kwance a ɗaki zan gaya miki wace maƙwabciya ce ta fito daga lif, daga yadda take jan silifas. Shi kuma Malam, maigidana, hanci aka ba shi. Tun daga bakin ƙofa zai ce, "Hajajju, yau an yi wa miyar nan rowar daddawa."

Karatunsa ne ya kai mu Kuala Lumpur. An tura shi digirin dakta, muka kama gida a wani dogon bene a Danau Kota, inda Hausawa 'yan karatu suka yi yawa. In aka tambaye shi a kan me yake bincike, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Abincin gargajiya masu tsami." Ba ƙarya ya yi ba, amma bai ƙarasa ba. Burukutu ne.

E, burukutun da kika sani. Kafin mu taho ya zaga ƙauyukan kudancin Kaduna da na Filato, yana zama wajen matan da ke dafawa, yana roƙon su ɗan abin da ya kwanta a gindin tukunya. Yadda ya yi mini bayani, matan nan ba sa sayen yis a kanti. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke faɗowa daga iska, su maƙale a ƙwarya da muciya da tsagar tukunya, su yi ta hayayyafa tun zamanin kaka har zamanin jika. Kowace tukunya da irin mutanenta. A cikin jikin kowace halitta kuma akwai wani dogon rubutu, da harufa huɗu kacal aka yi shi. A makarantarsu akwai injin da ke karanta rubutun nan, ya ce wannan wane ne, danginsa su wane, yana jure zafi ko ba ya jurewa, yana hana abinci ruɓewa ko a'a.

Na ce, "Wato injin bin salsala ke nan."

Ya ce, "Kin ga kin gama digirin, ni ne ke ta wahala."

Ya rantse mini bai taɓa kai abin nan bakinsa ba, kuma na yarda. Burinsa ya samo waɗanda ke jure zafin ƙasarmu, a tashi burodi da su, a adana abinci. Amma mutum ne da in liman bai zo ba shi ake turawa gaba a ɗan masallacin ƙasan bene. Kin san mutanenmu. Da sun ji kalmar farko ba za su tsaya jiran ta biyu ba. Saboda haka maganar ta zauna tsakanina da shi da bangon makaranta.

A shekara ta biyu ta korona aka sake kulle gari, kuma wannan kullen ya fi na baya nauyi. Titin ƙasanmu da kasuwa ke cika shi da hayaniya ya yi tsit, ba mai bin sa sai motar asibiti da 'yan babur masu kai abinci. Wasu benaye an zagaye su da waya mai ƙaya. Ta taga ina hango fararen ƙyallaye da mutane suka rataya, alamar abinci ya ƙare musu.

Ranar da za a rufe makarantarsu Malam ya dawo rungume da kwali, yana taku kamar ya ɗauko ƙwai.

"Hajajju, mun yi baƙi."

"Baƙi cikin kullen nan? Daga ina?"

Ya ajiye kwalin ya buɗe. Kwalabe uku ne masu faɗin baki, kowace da wani ruwa mai kauri, ja-ja kamar kunun kanwa. Kafin na sunkuya warin ya mare ni.

"Innalillahi! Malam, a gidana? Gidan da nake salla?"

"Tsaya ki ji. A barandar baya za su zauna, bayan injin wanki. Layina bai zo ba a wajen injin karatun aka rufe mu. Waɗannan in an daskarar da su ba sa farkawa, na gwada. In an raba su ba sa rayuwa. Sai dai a yi ta ciyar da su har a buɗe." Ya ɗora yatsa a kan ta tsakiya. "Wannan daga tukunyar wata tsohuwa na ɗebo ta. Ta rasu, tukunyar ta fashe, jikokinta sun koma birni. In kwalbar nan ta mutu ba a karanta ta ba, duk duniya ba wanda zai taɓa sanin su wa ke ciki. Ni da karatun nawa kuma mun bi ta."

Na ce, "To baƙin naka me suke ci?"

"Dawa."

"Au, ashe 'yan gida ne."

Haka na tsinci kaina cikin aikin da ban taɓa mafarki ba. A jiƙa dawa, a shimfiɗa a faranti, a rufe da jiƙaƙƙen tawul har ta tsiro. A shanya, a niƙa, a dafa, a bar shi ya huce. Sai a tsiyaye na saman kwalba a magudana, a bar na gindi, a zuba sabo. In na gama sai na wanke hannuna har gwiwa, na canza zane, sannan na iya tsayawa a kan sallaya. Dawar ma ba ko'ina ake samunta ba, sai a kantin Indiyawa can wajen Masjid India, da wani suna daban suke kiranta. 'Yar jaka ɗaya Malam ya samo kafin a rufe hanya.

Kowace kwalba akwai wani lanƙwasasshen bututu a murfinta, da ɗan ruwa a ciki. In halittun suka ci suka ƙoshi, iska ta taso ta ratsa ruwan ta ce ɓul. Ba a daɗe ba na rarrabe muryoyinsu. Ta hagu ba ta shiru, ɓul-ɓul-ɓul kamar mace a gidan biki, na sa mata Mai-surutu. Ta dama sai kin kasa kunne, na sa mata Mai-kunya. Ta tsakiya kuwa takan yi shiru har ki ɗauka ta tafi, sannan ta saki guda ɗaya mai nauyi daga can ƙasa. Ita ce Tsohuwa. Ina wanke-wanke ina jin su, har nakan amsa musu.

Tsorona ɗaya ne, Yaya. Ba yayata ta jini ba ce, matar da ke zaune daidai samanmu ce. Mijinta ya gama karatu tuntuni ya zauna yana fataucin yadi, ita kuma ta zama uwar duk matan Hausawan benen. Ita ta karɓe ni da na zo, ta koya mini hawa jirgin cikin gari, ta koya mini cewa tapau in ina so a ƙunsa mini abinci. Tana da wata kula mai furanni. Kular nan ta sauko da tuwo, ta hau da masa, ta sauko da dambu, ta hau da alala, ba ta taɓa komawa wayam ba, ko daga wajena ko daga wajenta. Barandarmu da tata rami ɗaya suke buɗewa, duk abin da na ɗora a wuta hancinta yake fara gaisarwa. Sai ki ji ta daga sama, "Ƙanwata, albasarki na ƙonewa!"

Saboda haka na dage da turaren wuta a baranda, safe da yamma. Wata rana ta leƙo ta ce, "Ke wai wannan turare haka, amarci aka sabunta ne a cikin kulle?" Na yi dariya, na ƙara gawayi.

Wata safiya, an sha ruwan sama gari ya yi dum, Malam ya fita duba baƙinsa kamar kullum. Shi da hanci yake duba su. Zai buɗe murfi ya shaƙa ya ce wannan lafiya lau, wannan tsaminta ya fara yawa. Ran nan na ji ya buɗe ta farko, ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku, ban ji ya ce komai ba.

"Hajajju."

Daga yadda ya kira ni na ajiye ludayi.

"Sun mutu. Duka ukun. Ba wari ko kaɗan, kamar ruwan famfo."

'Yar'uwa, ina tsaye a bakin kicin na toshe hanci da gefen mayafi, wari kamar zai kayar da ni. Na koma na ɗauko gwangwanin daddawa na buɗe na kai masa har bakin hanci. Ya shaƙa. Ya sake shaƙa da ƙarfi. Sai ya ɗago ya dube ni, na dube shi. A bayansa Mai-surutu ta ce ɓul.

Zazzaɓi ya biyo baya, tari ya biyo zazzaɓi. Da numfashin ya fara yi masa gardama aka turo mota. Mutane ne cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, idonsu kawai ake gani. Ni kuma suka ɗaura mini wata roba ruwan hoda a wuyan hannu, suka ce kada na kuskura na ƙetare ƙofa. Suna tura shi a kujera zuwa lif ya waiwayo.

"Ki ciyar da baƙi."

"Ka ji mutum! Ka ji da kanka tukuna."

Lif ya rufe. Na tsaya ina sauraron sa yana sauka har ya daina ƙara.

Tun daga ranar kular Yaya ta soma zuwa kullum, a rataye a jikin ƙarfen ƙofata. Na kira ta na ce ta riƙa sa mini a roba ta yarwa mana, kada cuta ta bi kular ta hau. Ta ce, "Ni zan ba ƙanwata abinci a leda kamar wata baƙuwa? Ruwan zafi na mene ne? Ci ki rataye mini abata."

Ba a jima ba ni ma na tashi wata safiya na kunna turare, na ga hayaƙi yana tashi, ban ji komai ba. Nawa zazzaɓin bai yi tsanani ba, amma hancin ya ɗauke ɗif. Wani sabon tsoro ya shige ni. Da can na san lokacin da warin ya yi yawa, in ƙara gawayi. Yanzu ban sani ba. Wataƙila duk benen ya ɗauka, ni kaɗai ce ban da labari. Kunnena kaɗai ya rage mini. Da shi nake duba kwalabe, da shi nake bin takun Yaya a saman kaina, in ji ta fito baranda ta tsaya, ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ba ta ce uffan ba. Ita da ba ta taɓa fitowa ba ta tsokane ni ba.

Dawa ta yi ƙasa. Na auna da ido na ga ba za ta riƙe kwalba uku ba. Na kira Malam. Da ƙyar ya ɗauka, maganarsa guntu-guntu, kowace kalma sai ya huta. A bayan muryarsa ina jin wani huci, da kuma wani sauti da na sani, ɓul-ɓul-ɓul. Na ce mene ne wannan? Ya ce kwalbar ruwa ce da iskar da ake ba shi take ratsawa kafin ta kai hancinsa.

Na gaya masa maganar dawa. Abin yana ta ɓul-ɓul a bayansa.

"Tsohuwa," ya ce. "Ki riƙe... Tsohuwa."

Haka na daina ba biyun. Ban san mutum zai iya jin nauyin kwalba ba sai a kwanakin nan. Mai-kunya ce ta fara tafiya, ita dama ba ta da hayaniya, sai wata rana na lura ban ji ta ba tun safe. Mai-surutu ta fi wahalar da ni. Surutun ya riƙa ja baya, ta yi ɗaya ta huta, ta yi ɗaya ta daɗe, har wata farar fata ta rufe samanta. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Motar asibiti a ƙasa, takun Yaya a sama, sai Tsohuwa can ba-a-rasa-ba.

Sannan wayar Malam ta daina shiga. Wata ma'aikaciyar jinya ta kira ta yi mini Turanci da Malayanci a haɗe, abin da na tsinta shi ne an mayar da shi wani ɗaki inda ba a riƙe waya. A makon nan kuma na zazzage jakar dawa, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba.

Ba ni da wanda zan aika sai mijin Yaya, shi ke da takardar fita saboda sana'arsa. Na juya maganar a raina har la'asar, sannan na kira ta na ce don Allah a taimaka mini da dawa. Ta ce to, ta kashe. Sai na ji silifas ɗinta a matakala. Ba ta hau lif ba. Ta zo ta tsaya nesa da ƙarfen ƙofa, takunkumi biyu a fuska.

"Ƙanwata, kunu kike so in dama miki?"

"A'a Yaya, ita dawar nake so, tsaba."

"Tsaba. Ke kaɗai a gida, ba ki da lafiya, kina neman tsabar dawa." Ta gyara mayafi. "Ni fa a Sabon Gari aka haife ni. Na san warin nan tun ina yarinya, a bayan layinmu ake dafa shi. Na yi ta ce wa kaina 'yan Afirkan hawa na ƙasa ne. Na yi ta ce wa kaina magudana ce. Dube ni ki gaya mini."

Na gaya mata. Tun daga matan ƙauye har injin karatu, har rubutu mai harufa huɗu, har tsohuwar da ta rasu. Ina magana ina jin yadda abin ke fita daga bakina ba daɗin ji. A bakin Malam ilimi ne. A bakina ya zama kamar uzurin wadda aka kama.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Shi yake ja mana mazajenmu salla."

"Bai taɓa sha ba, Yaya, wallahi."

"Ban ce ya sha ba. Ke yarinyar nan, mijinki na can tsakanin rai da mutuwa, muna nan muna ta yi masa addu'a, ke kuma kina nan kina ciyar da giya a gidansa? Ta wace ƙofa kike so rahama ta shigo? Je ki zubar. Yanzu, ina tsaye. Ki wanke barandar nan da ruwa bakwai. Karatu ana sakewa. In wani abu ya same shi abin nan na gidan, har ki mutu ba za ki daina tambayar kanki ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na shiga baranda na ɗauko Tsohuwa na durƙusa a bakin magudana. Hadari ya haɗo, gari ya yi baƙi kamar magariba. Na sa hannu a murfi. Ba na jin warinta, ba na jin komai, kwalba ce kawai mai ɗumi kamar jikin mutum. Na ce a raina gaskiyar Yaya ce, mene ne kwalba a kan rai? Na fara murɗa murfin. Sai ta saki guda ɗayan nan nata, mai nauyi, daga can ƙasa. Sautin da na ji a bayan muryar Malam ke nan, ranar ƙarshe da na ji muryarsa.

Na san ba haɗinsu. Ko a lokacin na sani. Amma hannuna ya ƙi. Na mayar da ita bayan injin wanki na dawo ƙofa.

"Kin zubar?"

"Ban iya ba, Yaya. Shi ya ce in riƙe ta."

Ta dube ni ta saman takunkumi, ta juya ta hau matakala. Na bi takunta da kunne har ta rufe ƙofarta.

Washegari da hantsi na ji motsi a ƙofa. Na buɗe na ga leda biyu a rataye. Ɗaya tsabar dawa ce, mai yawa, ta fi wadda Malam ya sayo. Ɗayar shinkafa da miya ce, a cikin farar roba ta yarwa. Kula mai furanni ba ta sake saukowa ba.

Malam ya dawo daga asibiti. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa, hawa matakala uku sai ya zauna. Abin da ya fara yi da ya shigo, baranda ya nufa yana dafa bango, ya tsaya har Tsohuwa ta yi magana. Da aka buɗe makaranta ya mayar da ita cikin kwalinta, injin ya karanta ta. Ya nuna mini a kwamfuta, harufan nan huɗu jere-jere ba iyaka. Wasu an san danginsu, wasu kuma injin ya duba ya rasa inda zai jingina su. Ya yi murna har da hawaye. Na biyun da suka mutu kuwa ba wanda zai taɓa sani. Hancinsa bai dawo daidai ba har yau, daddawa ma warin ƙonanniyar roba take yi masa.

Da na warware na soya waina mai kyau, na zuba a kulata na aika sama. Da yamma kular ta dawo a wanke tas, wayam. Kashegari mai gadin ƙofar bene ya tare ni yana murmushi, yana yi mini godiyar wainar shinkafa mai daɗi. Ban taɓa jin Yaya ta gaya wa kowa ba, kuma ban yi zaton ta faɗa ba. Amma rami ɗaya barandun benen nan suke buɗewa, kuma ba ita kaɗai ke da hanci ba. In liman bai zo ba, sai aka koma tura wani gaba. Ba wanda ya ce wa Malam komai, matsawa kawai ake yi a ba wani hanya.

Mun dawo gida yanzu, yana koyarwa. Na ɗauka mun baro maganar a can ƙetaren teku. Kwanan baya na je suna a nan unguwarmu, na kai kunun zaki cikin babbar roba. Ina cikin ɗaki na ji wata murya a tsakar gida, matar da ban taɓa gani ba, ta yi ƙasa da murya tana cewa, "Wannan na matar daktan nan ne? Ajiye shi gefe tukuna." Ta ɗauka ba mai jin ta.

To ke da kika saurare ni har nan, ki gaya mini tsakani da Allah. Da ke ce durƙushe a bakin magudanar nan, mijinki ba ya ɗaukar waya, wadda ta riƙe ki kamar uwa tana tsaye a ƙofa tana jira, kwalbar kuma tana numfashi a hannunki, za ki murɗe murfin?